Na Je Legas Ɗauko Ƙuri'a

Tun ranar da na dawo daga Legas bakina bai huta ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na je bakin kanal ɗin ban-ruwa a tare ni, har a wurin zaman makoki wani ya matso yana yi mini raɗa: "Malam Isiya, wai da gaske ne a can miji da mata kowa da jam'iyyarsa?" Na ba da labarin har na gaji, kuma na lura yana ƙara ƙiba a bakin mutane. Rannan a kasuwar Bunkure na ji wani yana rantsuwa wai na shiga teku har wuya. Ni ko tekun ban gani ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda aka yi, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa.

Ga abin da ya kai ni. Ƙauyenmu a wutsiyar kanal yake, sai kowa ya sha ya ƙoshi ruwa ke iso mana, ga ciyawar kachala ta toshe hanyar ruwan. Da zaɓe ya matso, wani ɗan takarar majalisa ya zo ya yi alkawarin in akwatinmu ya cika da sunansa zai turo injin yashe kanal. Mu kuwa ba ma rarraba ƙuri'a. Dattawa kan zauna a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, a auna, a ce bana ga inda akwati ya nufa. Maigida ya shiga gida ya faɗa, shi ke nan magana ta ƙare. Samarinmu da ke kasuwar gwari a Legas ma haka aka saba, ɗan takara ya ɗauki hayar mota ta je ta kwaso su, su dangwala, su ga iyayensu, su koma. Amma bana da aka yi musu waya sai aka ji amsar tasu sanyi-sanyi. Aka ce sai dattijo ya je da kansa. Kafin mai unguwa ya rufe baki na ce ni zan je.

Kowa ya yaba mini da kishin gari, na karɓi yabon ban yi musu ba. Gaskiyar maganar kuwa fakewa na yi da guzuma don in harbi karsana. Ɗana na fari yana can, wanda kakarsa ke kira Ɗanlami. Ni ban taɓa kiran sunansa ba, kun dai san kunyar ɗan fari. Gwiwata ta hagu ta fara ƙin aiki, ban-ruwa yana neman ya gagare ni, maƙwabcin gonata Tasi'u kuma ya daɗe yana roƙon in ba shi hayarta. Na ce masa ya jira in dawo. Abin da ke raina shi ne yaron nan ya biyo ni gida don zaɓe, ya ga gonar da idonsa, ya zauna. Sai dai uba ba ya buɗe baki ya ce wa ɗan fari "dawo, ina bukatarka." Mahaifiyarsa ma da ta ɗaure kuka da daddawa da yaji a leda, cewa ta yi, "Ka kai wa yaran garin nan."

A Kwanar Gafan na shiga motar tumatir, don ita ce ba ta da kuɗin mota. Direban, Garba, gajere ne mai baki kamar rediyo. Ya ce, "Malam, ka yi fitsarinka tun yanzu. Tumatir ba ya jiran mutum." Na ɗauka wasa yake yi. Mun wuce Zariya, mun wuce Kaduna, salla kawai ke tsayar da mu, ita ma a gurguje. Gwiwata ta sandare kusa da giya, duk lokacin da ya canza sai na ambaci Allah.

A ƙarƙashin kujerarsa akwai buhu cike da hular hana-salla, kowacce da hoton ɗan takara daban. In mun doshi gari sai ya leƙa fastocin da suka fi yawa a bango, ya zaro wadda ta dace ya kafa. Na ce, "Garba, kai wai wace jam'iyya kake?"

Ya ce, "Jam'iyyar a sauke kaya lafiya."

Ni ma hular nan ta kusa ja mini. Iska ta fizge tawa ta taga, na ga ba zan shiga gari da kai a buɗe kamar maraya ba, sai na lalubi ɗaya a buhun na ɗora. Ashe garin da muke shiga ana taron kamfen, kuma mutumin da ke goshina shi ne abokin hamayyarsu. Samari suka yi caa a kan motar suna bubbuga ƙofa. Garba ya fizge hular ya jefa musu, ya nuna kaina da yatsa yana juya shi, alamar wai tsohon ba shi da lafiya. Suka yi dariya suka buɗe mana hanya. Da furfurata aka mayar da ni mahaukaci, kuma dole na yi godiya.

Da muka hau gadar Jebba, Garba ya ce, "To Malam, daga nan ka ninke Hausarka ka sa a aljihu." Babu shinge, babu mai tambayar takarda, amma ka san ka bar gida. A wani gari bayan Ilori muka tsaya cin abinci. Aka kawo mini tuwo baƙi wuluk na garin doya da suke kira amala, da miya kore mai yauƙi. Na ɗanɗana, sai na ji ashe lalo ne, lalon nan da ke fitowa da kansa a gefen kanal ɗinmu, an canza masa suna ana sayarwa. Sai dai jan miyar da suka zuba a kai, Allah ya isa tsakanina da ita. Barkonon mu muke nomawa mu aika musu, ban san haka suke yi da shi ba. Hawaye ya zubo mini, mai abincin ta tausaya ta ƙara mini cokali guda.

Legas kuwa ba a shiga cikinta, jan ciki ake yi. Mun fi ƙarfin wuni muna tafiyar da akuya za ta riga mu. Da muka isa kasuwar gwari sai na ji kamar an ɗauko garin Kura an juye a Kudu: Hausa ta ko'ina, kwanduna jibge, ga ɗan wane, ga jikan wane. Ɗanlami ya hango ni ya taho da sauri ya durƙusa. Ya yi ƙiba, ya tara gemu, har yarintar da ke muryarsa ta ɓace. Zuciyata ta cika fal, na ji kamar in dafa kansa. Sai na kawar da kai na ce, "Yaya kasuwa? Nawa kwando yau?"

Ya ce, "Ya ɗan faɗi, Baba."

Iyakar gaisuwarmu ke nan bayan shekaru ba mu ga juna ba.

Ya kai ni masaukinsa, wani dogon gida mai ɗakuna suna kallon juna, famfo ɗaya, banɗaki ɗaya, mutane kuwa kamar gidan biki. Ya bar mini katifarsa, shi ya koma tabarma. Abin da na fara gani a ƙofar masu gidan shi ne fasta biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, 'yan takara biyu da ba sa ga-maciji suna hararar juna. Maigidan, Baba Tunde, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya zauna a Kano, Hausa a bakinsa har da karin magana. Bayan mun gaisa na yi masa tambayar da ake yi wa kowane magidanci a wurinmu. Na ce, "Baba Tunde, bana ina gidanka ya nufa?"

Ya ce, "Gidana? Yana nan inda yake."

Na ce, "Ina nufin zaɓe."

Ya yi dariya har da tari, ya ƙwala wa matarsa kira ya fassara mata. Ita ma ta kama ƙugu tana dariya. Ya ce, "Malam, wancan na dama nawa ne, masu riƙe da gari, su suke biyana fansho. Na hagu nata ne. Ita tana sayar da atamfa, masu karɓar haraji sun ishe ta, ta rantse sai ta ga bayansu. 'Ya'yanmu kuma suna da nasu na uku, a cikin waya yake zaune."

Na ce, "Kuma tana dafa maka abinci?"

Ya ce, "Tana dafawa. In nata ya faɗi dai barkono yakan yi yawa."

Na jinjina abin. Na tuna maiɗakina, wadda ban taɓa tambayarta wa ta dangwala wa ba, don na ɗauka na sani. A karon farko na ji wani ɗan kokwanto ya ɗarsu a raina, na yi maza na kore shi.

Da safe a layin famfo ake buɗe majalisa. Akwai wani saurayi Ibo mai gyaran waya, Emeka, da ke ɗaki na ƙarshe. Shi da Baba Tunde sukan yi musu har jijiyar wuya ta tashi, in ka gani ka ce yanzu za a zaro wuƙa. Da layi ya zo kan tsohon sai Emeka ya ɗauki bokitinsa ya kai masa har ƙofa, ya dawo su ci gaba daga inda suka tsaya. Na lura mutumin birni kullum a fusace yake da wanda ke kan kujera. A ba shi titi ya ce ina wuta, a ba shi wuta ya ce kuɗinta ya yi yawa. Da na faɗa wa Baba Tunde haka, ya ce, "Kada ka ɗora mana mu kaɗai. Na zauna a birninku. Su ma yau su ɗaga mutum sama, gobe su sake shi ya faɗo. Ku na ƙauye ne masu haƙuri, a yi muku alkawari ɗaya ku yi ta lasa har zaɓe ya zagayo." Na so in yi musu, sai na tuna wannan ne karo na nawa da aka yi mana alkawarin yashe kanal. Na ce ruwan wankana yana hucewa, na tashi.

Ranar Juma'a bayan masallaci aka tara mini samarin garinmu a wata rumfa. Na yi yadda ake yi a gida. Na fuskanci babbansu, Sani Dogo, na isar da saƙon mai unguwa, na yi bayanin kachala da injin da motar da za ta zo. Sani ya sunkuyar da kai ya ce, "To Malam, mun ji." Ni a wurina an gama ke nan, tunda babba ya amsa. Har na ɗaga hannu zan shafa fatiha, sai na ji murya daga baya.

"Baba Isiya, Yaya Sani kansa ya amsa wa fa."

Nura ne, ɗan Malam Hadi mai faci, wanda a gabana aka yi masa aski ranar suna. Hannuwana suka tsaya a sama kamar mai roƙon ruwa. Daga nan rumfa ta kaure. Wannan ya ce shi ɗan takarar can ya taɓa yin alkawari a garin kakanninsa bai cika ba. Wancan ya ce shi jam'iyyar ce ba ya so tun daga sama har ƙasa. Wani ya zaro waya yana nema ya nuna mini hujja. Duk da ladabi suke maganar, kowa sai ya ce "ka yi haƙuri Baba" kafin ya kwance mini zani a kasuwa. Nura ya ce, "Mota dai zan shiga, na yi kewar tuwon Inna. Amma in na shiga wurin dangwalawa, daga ni sai Allah."

Na ce, "To ka ci amanar ɗan takarar a kuɗin motarsa ke nan."

Ya ce, "Baba, ai shi ma ba daga gonarsa ya samo ba."

Aka yi dariya, ni ma na yi, don ba yadda zan yi. A ƙarshe wasu suka ce za su zo, wasu suka ce sai sun yi shawara. Duk wannan hayaniyar idona yana kan mutum ɗaya. Ɗanlami yana zaune a kan kifaffen kwando yana wasa da igiya.

Washegari da hantsi ya ce in ba zan gaji ba yana so ya zagaya da ni unguwa. Muka fita, yana rage sauri saboda gwiwata, yana yi kamar shi ne ya gaji. Ya nuna mini wata babbar kwata da ta cika da shara, ya nuna mini alamar ruwa a bangon gidansu, daidai ƙugun mutum. Ya ce duk damina nan ruwa yake kaiwa, bara har katifarsa ya tafi da ita. Ya nuna mini layin rumfunansu da ake ta raɗe-raɗin za a rushe. Ya ce 'yan takara biyu ne a unguwar, ɗaya ya zo ya zauna da 'yan kasuwa, ɗaya ko leƙe bai yi ba. Muka iso ƙofar wata makarantar firamare, ya tsaya.

Ya ce, "Baba, a nan zan yi zaɓe. Na dawo da katina nan tun bara."

Bai ɗago kai ba, ni ma ban dube shi ba. Muka tsaya muna kallon ƙofar makarantar kamar masu jiran a tashi yara. Wanda bai san mu ba zai ce maganar kati ake yi. Amma mu a wurinmu ɗan ci-rani yakan bar katinsa a gida ko da zai shekara goma a waje, don ya san can zai koma. Wanda ya ɗauke katinsa ya riga ya faɗa maka inda gidansa yake.

Ya ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Baba. Ni nan ruwa yake shigo mini."

Maganar tana bakina. Kalmomi ne 'yan kaɗan, in ce masa gwiwata ta gaza, gona tana jiransa. Na san in na faɗa zai tattara kayansa ya biyo ni, don ba yaron da zai musa mini ba ne, kuma na san zai zauna a gonar nan yana kallon hanya. Na haɗiye. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kanal ya toshe sosai bana."

Ya ce, "Na sani, Baba."

Na tabbata ya sani ɗin, kuma ba kanal yake nufi ba. Raina ya yi baƙi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma a ƙarƙashin ɓacin ran akwai wani abu mai kama da alfahari, ganin yadda 'yan unguwa ke gaishe shi muna tafe, Yarabawa da Ibo da namu, har wata tsohuwa ta tsayar da shi tana kai masa ƙarar mai kwasar shara. A gida har yanzu "yaron gidan Malam Isiya" ne. A nan ni ne aka nuna aka ce baban wane.

Motar ɗan takara ta zo ana saura kwana kaɗan zaɓe. Ba ta cika ba, har kowa ya samu wurin miƙe ƙafa, abin da gwiwata ta yi murna da shi ita kaɗai. Matar Baba Tunde ta ba ni ƙullin garin amala, ta ce ta bakin mijinta in gaya wa maiɗakina ta zaɓi wanda take so. Na ce zan faɗa, kuma har yau ban samu lokaci ba. Ɗanlami ya raka ni tasha, ya ɗora mini jaka, ya sa mini maganin shafawa a aljihu ba tare da ya ce na mene ne ba. Ya durƙusa ya ce Allah ya kiyaye hanya. Na ce ya riƙa kula da salla. Da mota ta tashi ban waiwaya ba, sai da muka sha kwana na waiwaya, lokacin kuwa babu abin gani sai motoci.

Mun yi zaɓe lafiya. Akwatinmu bai fito dunƙule kamar yadda aka saba ba, mai unguwa yana ta mamakin inda ɓarakar ta fito, Nura kuwa ya ci tuwon Innarsa ya koma. Masu tambayata ko an yashe kanal, hanya ba ta da nisa, su je su duba.

Da na shiga gida ranar da na dawo, maiɗakina ta kawo ruwa ta tsuguna. Ta dubi bayana, ta dubi ƙofa, sannan ta ce, "Mutanen Legas suna lafiya?"

Na ce, "Lafiya ƙalau. Sun yi ƙiba."

Ta ce, "Madalla." Ta tashi ta shiga madafa, ta daɗe ba ta fito ba, alhali babu abin da ke kan wuta.

Bayan kwana biyu na sami Tasi'u a bakin gonarsa yana gyara kunya. Na ce masa in ya cire tumatirinsa ya haɗa da tawa ya shirya wa shinkafa. Ya yi godiya, sannan ya yi tambayar da na san zai yi. Wanda ya karɓi gona na kaka ɗaya takin zamani kawai yake watsawa ya kwashi abinsa. Takin shanu sai wanda zai daɗe, don amfaninsa sai shekara ta zagayo.

Ya ce, "Malam, in yi mata na buhu ko? Tunda in Ɗanlami ya dawo zai karɓi abinsa."

Na dubi gonar tun daga bakin ruwa har iyakar da mahaifina ya kafa. Na ce, "Ka je ruga ka yi magana da Fulani, Tasi'u. Ka zuba mata na shanu."